Andrew Foster, kurman da ya buɗe wa kuramen Abijan ƙofar makaranta

A Yopougon akwai wata makaranta da yawancinmu mazauna Adjamé da Treichville ba mu taɓa leƙa ta ba, wasunmu ma ba su san da zamanta ba. Makarantar kurame ce, wadda aka fi sani da ECIS, an buɗe ta a 1974. Mutumin da ya kafa ta baƙar fata ne ɗan Amurka, sunansa Andrew Jackson Foster, kuma shi kansa kurma ne. Ya mutu tun 1987, amma har yau idan ka ga samari biyu suna hira da hannu a tashar gbaka, akwai yiwuwar alamun da suke yi daga wurinsa suka samo asali.

Shafinmu na yau zai bi rayuwar wannan mutum, domin ta shafe mu ta fuska biyu. Cutar da ta toshe masa kunne ita ce sanƙarau, wadda babu Bahaushen da bai san ɓarnarta ba. Sannan shingayen da ya yi ta karo da su, tun daga ƙasarsa har zuwa tamu, su ne dai suke gaban yaranmu kurame har gobe, ko da yake yanzu doka tana gefensu.

Yaron da sanƙarau ya kurmanta

An haifi Andrew Foster ranar 27 ga watan Yuni, 1925, a Ensley, wata unguwar ma'aikata a birnin Birmingham na jihar Alabama, kudancin Amurka. Mahaifinsa mai haƙar kwal ne. Da jinsa aka haife shi, ya yi magana, ya shiga makaranta kamar kowane yaro. Yana da shekara 11 sanƙarau ta kama shi tare da ɗan'uwansa Edward. Sun rayu, amma dukansu biyu suka kurmance.

Kun ga ke nan ƙaddara ɗaya ta faɗa masa, sai kuma mutane suka ƙara masa da tasu. A wancan zamani wariyar launin fata doka ce a Alabama. Makaranta daban, asibiti daban, wurin zama a mota daban. Har kurame ma sai da aka raba su. A garin Talladega akwai makarantar kurame ta farar fata, akwai kuma ta baƙaƙe, kuma can aka kai shi. Karatun makarantar baƙaƙen bai wuce na firamare ba, an fi mayar da hankali ga aikin hannu. A ganin hukumomin lokacin, yaro baƙi kuma kurma ya samu abin da ya ishe shi idan ya iya rubuta sunansa ya kuma iya wata sana'a.

Wannan shi ne shinge na farko a rayuwarsa, kuma ya kamata mu lura da irinsa. Rashin ji bai hana shi wuce firamare ba, ai ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Doka ce ta tsayar da shi.

Aikin rana, karatun dare

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana matashi, ya bar kudu ya tafi birnin Detroit na jihar Michigan, ya sauka wurin wata 'yar'uwar iyayensa. A lokacin dubban baƙaƙen fata suna ƙaura zuwa arewa neman aiki a masana'antu, kamar dai yadda iyayenmu suka baro Maraɗi da Tawa da Katsina suka gangaro bakin teku neman na kai. Da rana yana aiki, da dare yana karatu. Ya samu takardar shaidar lissafin kuɗi da harkar kasuwanci a wata cibiya ta Detroit, ya kuma kammala sakandare ta hanyar wasiƙa, wato a aiko masa da darasi ta gidan waya, ya yi aikin ya mayar. Sai da ya haura shekara 25 kafin ya riƙe takardar da sa'o'insa masu ji suke samu suna 18.

A Detroit ɗin ne ya shiga harkar coci sosai. A nan ya ji wani mai wa'azi yana ba da labarin halin da kurame suke ciki a Jamaika, abin ya tsaya masa a rai, har ya fara tambayar kansa: to kuramen Afirka fa, wa yake koyar da su?

Ƙofar Gallaudet

A birnin Washington akwai wata kwaleji mai suna Gallaudet, wadda aka kafa musamman don kurame. Shugaba Abraham Lincoln ne ya sa hannu a takardar ba ta izinin ba da digiri a 1864. Shekara kusan 90 tana aiki ba ta yaye baƙar fata ko ɗaya da digiri ba. Foster ya nema aka ƙi shi, ya sake nema. A 1951 aka karɓe shi.

Don ku gane irin iskar da take kaɗawa a lokacin, a harabar wannan kwaleji akwai makarantar yara kurame mai suna Kendall, wadda ba ta ɗaukar baƙaƙe. Yaran Washington baƙaƙe sai dai a tura su wata jiha. Wata uwa mai suna Louise Miller ta kai ƙara kotu saboda ɗanta kurma, ta kuma yi nasara a 1952. Duk da haka sai aka ware wa yaran baƙaƙe wuri daban a cikin harabar. Sai a 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.

A wannan shekara ta 1954 Foster ya kammala, cikin shekara uku maimakon huɗu, ya zama baƙar fata na farko da ya samu digiri a Gallaudet. Bai tsaya ba. A 1955 ya samu digiri na biyu a fannin ilimi a wata kwaleji ta jihar Michigan, a 1956 ya ƙara wani a birnin Seattle, a fannin aikin mishan. Digiri uku cikin shekara biyar, ga mutumin da dokar jiharsa ta ce firamare ta ishe shi.

Ya nufo Afirka

Da ya gama, ya nemi ƙungiyoyin mishan su tura shi Afirka, ba su karɓe shi ba. Maimakon ya zauna jiran tsammani, a 1956 ya kafa tasa ƙungiyar a Detroit, ta mishan don kuramen Afirka, ya shiga yawon gari-gari yana neman taimako. A 1957 ya sauka Gana, shekarar da ƙasar ta samu 'yancin kai ƙarƙashin Kwame Nkrumah.

A lokacin makarantun kurame a duk nahiyar Afirka ba su wuce 12 ba, su ma a arewacin nahiyar da kudancinta suke. Tsakanin Dakar da tafkin Cadi, yankin da sanƙarau da ƙyanda suke kurmantar da yara kowace shekara, Turawan mulkin mallaka, na Ingila da na Faransa, ba su ga dalilin gina wa kurame makaranta ba. An sha ruwaito cewa a wasu wurare jami'ai sun gaya masa babu yara kurame a yankinsu. Akwai su mana. Suna cikin gida, suna gona, suna kiwo, suna bakin kasuwa, amma babu su a littafin kowace hukuma. Wanda ba a ƙidaya shi ba kuwa, ba a yi masa kasafi.

A unguwar Osu ta birnin Accra ya samu aron aji a wata makarantar coci. Idan masu ji sun tashi, sai nasa ɗaliban su shiga. Da 'yan yara kaɗan ya fara, labari ya bazu, iyaye suka yi ta kawo nasu har wuri ya kasa. A 1959 aka mayar da makarantar garin Mampong-Akwapim, inda ta zama ta kwana. Har yau Mampong ita ce cibiyar karatun kurame a Gana.

Najeriya, aure da horon malamai

A 1960 ya buɗe makaranta a Ibadan, daga baya wasu suka biyo a Kaduna da Enugu. A wani taron kurame na duniya da aka yi a Jamus a 1959 ya haɗu da wata Bajamushiya kurma mai suna Berta. Sun yi aure a Najeriya a 1961, sun haifi 'ya'ya biyar, kuma ita ce abokiyar aikinsa har ƙarshe.

Dabararsa mai sauƙi ce, kuma duk malamin makaranta zai gane hikimarta. Ba ya buɗe makaranta don ya zauna a kanta har abada. Zai nemo yaran, ya samu ɗaki, ya zaɓi masu ƙoƙari cikin kuramen ya horar da su su zama malamai, sannan ya matsa wa hukuma ta karɓi makarantar, shi kuma ya yi gaba. Ibadan ta zama cibiyar horonsa. Daga baya har daga ƙasashe masu magana da Faransanci ake turo matasa can su koyi koyarwa su koma gida. Wasu daga cikin ɗalibansa ya buɗe musu hanya suka tafi Gallaudet, irin su Seth Tetteh-Ocloo na Gana, suka dawo suka jagoranci ilimin kurame a ƙasashensu. A 1970 kwalejin da ta taɓa ƙin karɓarsa ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Muhimmin abu a nan shi ne ya sa kurma a gaban allo. Yaro da iyayensa suka ɗauka ba zai taɓa amfanuwa ba, sai ga shi yana kallon babban mutum kurma irinsa, da alli a hannu, yana karɓar albashi. Wannan kaɗai ya canza tunanin iyaye fiye da dogon wa'azi.

Abijan, 1974

Bayan ƙasashe masu Ingilishi, sai ya juyo ga masu Faransanci, kuma da Kwaddibuwa ya fara. A 1974, zamanin Shugaba Félix Houphouët-Boigny, aka buɗe makarantar Yopougon. Daga nan aikin ya bi Togo, Cadi, Senegal, Benin, Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Zayar, Burkina Faso wadda a lokacin ake kira Haute-Volta, Burundi da Gabon. Kafin mutuwarsa ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13.

Wani zai tambaya, me ya sa kuramen Abijan ba sa amfani da maganar hannu ta Faransa, tunda a komai na boko Faransa muke bi? Amsar tana cikin tarihi. A 1880 an yi wani taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya, inda aka yanke shawarar a daina koyar da kurame da hannu, a tilasta musu karanta motsin leɓe da ƙoƙarin furta kalmomi. Kusan duk masu yanke shawarar masu ji ne. Faransa ta bi wannan hanya kusan shekara ɗari. Sai a 1991 dokarta ta ba iyaye damar zaɓar maganar hannu a karatun 'ya'yansu, sai kuma a 2005 ta amince da ita a matsayin cikakken harshe. To a 1974 Faransa ba ta da abin da za ta kawo mana a wannan fanni.

Foster bai yarda da hana hannu ba. Ya zo da maganar hannu ta Amurka, shi da malaman da ya horar suka daidaita ta da rubutun Faransanci, kuramen nan kuma suka ƙara mata alamun abubuwan da suke gani a rayuwarsu. Haka aka samu harshen da kuramen Abijan da Lome da Kotonu da Yawunde suke fahimtar juna da shi. Kurma ɗan Yopougon zai fi saurin gane kurman Ibadan ko na Washington a kan na Paris.

Yabo da suka

Gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta. Foster ɗan mishan ne, kuma bai ɓoye ba cewa babban burinsa shi ne isar da addininsa ga kurame. Makarantunsa sun tafi tare da coci-cocin kurame. Wannan ya sa iyaye Musulmi da yawa suka yi ɗari-ɗari, kamar yadda kakanninmu suka yi da boko tun farko. Tsoronsu yana da dalili. Sai dai abin tambaya shi ne, da muka ƙi kai yaran can, ina muka kai su? Makarantar Yopougon yanzu tana hannun gwamnati, ta kowa ce, Musulmi da Kirista.

Suka ta biyu daga masana harshe ta fito. Kafin zuwan Foster kuramen Afirka suna da nasu harsunan. A Kano akwai maganar hannu ta Hausa, wadda kurame da masu ji suka gada kaka da kakanni, har wata Bajamushiya mai bincike, Constanze Schmaling, ta rubuta littafi a kanta a 2000. A ƙauyen Adamorobe na Gana akwai tasu, a nan Kwaddibuwa ma ƙauyen Bouakako yana da tasa. Da alamun Amurka suka zama na makaranta, sai aka fara kallon na gida a matsayin na ƙauye, yara suna barinsu. Mu Hausawan Abijan da muke ganin yadda 'ya'yanmu suke sakin Hausa suna kama Faransanci da Jula, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Duk da haka, ko masu sukarsa sun yarda cewa kafin shi babu makaranta, bayansa akwai.

Mutuwarsa

A tsakiyar shekarun 1970 iyalinsa sun koma Amurka da zama, shi kuma ya ci gaba da kai da komo, wani ɓangare na shekara yana neman kuɗi a can, sauran yana zagaya makarantu a nan. Ranar 3 ga Disamba, 1987, ya shiga wani ƙaramin jirgin sama da zai tafi Kenya. Jirgin ya faɗi a ƙasar Ruwanda, babu wanda ya tsira. Yana da shekara 62. Matarsa Berta ta ci gaba da riƙe ƙungiyar. A 2004 Gallaudet, wadda ta riga ta zama jami'a, ta sa wa wani babban ɗakin taronta sunansa.

Doka ta canza, shinge yana nan

A zamanin Foster doka ce take rufe ƙofa. A namu zamanin doka ta buɗe ta, aƙalla a takarda. Kwaddibuwa tana da doka mai lamba 98-594 ta ranar 10 ga Nuwamba, 1998, wadda ta ba naƙasassu haƙƙi daidai da kowa a ilimi da horo da aiki. A watan Janairun 2014 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta yi maganar ilimi, da samun shari'a, da amincewa da maganar hannu. Dokar 2015 ta wajabta karatu ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16, ba ta cire kurma ba. Tsarin mulkin 2016, a sashe na 32 da na 33, ya ɗora wa hukuma kare naƙasassu daga wariya. Akwai kuma tsarin ɗaukar naƙasassu aikin gwamnati ta hanya ta musamman. Nijar ta amince da waccan yarjejeniya tun 2008, Najeriya kuma ta samu dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a watan Janairun 2019.

To me ya rage? Abubuwa huɗu nake gani.

Na farko harshe. Haƙƙi da baki ake nemansa. Kurmar da aka ci zarafinta, idan ta je ofishin 'yan sanda babu tafinta, wa zai ɗauki bayaninta? Sau da yawa wani ɗan'uwa ne zai yi magana a madadinta, wani lokaci ma shi ne bai so maganar ta fito. Haka a gaban alƙali, haka a gaban likita. Masu mugun nufi sun san da wannan, shi ya sa 'yan mata kurame suke cikin haɗari fiye da sauran.

Na biyu takarda. A ƙasar nan wata uku ake ba iyaye su yi rajistar haihuwa a ofishin magajin gari, idan ya wuce sai an bi ta kotu. Iyaye da yawa, musamman baƙi irinmu, sukan yi sakaci, idan kuma yaron naƙasasshe ne sai a ce me zai yi da takarda. Alhali ba takardar haihuwa, ba jarrabawar CEPE, ba katin shaida, ba wani tallafi.

Na uku nisa da ƙarancin wuri. Makarantu na musamman kaɗan ne, ta kurame da cibiyar makafi ta INIPA duk a Yopougon suke, kuma gurbi ba ya isa. Uwar da take sayar da abinci a Treichville, ta ina za ta haɗa kuɗin mota na kullum da lokacin rakiya? A makarantun unguwa kuma, mu da muke riƙe da alli mun san yadda aji yake cika. Yaron da ba ya ji sosai yakan koma kujerar baya, a yi ta kiransa daƙiƙi har ya bar karatu, alhali kunne ne matsalarsa.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne tsawo, yana cikin gidajenmu. Kunya, da ɓoye yaro, da jingina abin ga iska ko sammu, da tura shi bara. A ƙauyen Adamorobe da na ambata, a 1975 sarkin garin ya hana kurma auren kurma, wai don a rage haihuwar kurame. Mu ba mu rubuta irin wannan doka ba, amma sau nawa ake raba gado a danne rabon bebe, ko a ɗaura wa kurma aure ba wanda ya tambaye ta?

Abin da muke da shi a gida

Abin takaicin shi ne, addininmu ya riga kowa a wannan magana. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zo neman ilimi. Daga baya ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma an sha bar masa jagorancin salla a Madina idan an fita. Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa ishara ta bebe, matuƙar ana fahimtarta, tana tsayawa a matsayin magana a ciniki da aure da saki. A mazhabarmu ta Malikiyya har shaidarsa ana karɓa ta ishara. Rabonsa na gado kuwa daidai yake da na ɗan'uwansa mai ji, ba ragi.

A al'adance ma ba mu fara daga sifili ba. Masarautun ƙasar Hausa sun san da sarkin makafi da sarkin guragu, a Kano har da sarkin bebaye, wato an yarda jama'a ce mai shugabanci da murya. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. A fadar sarakunan Usmaniyya ta Istanbul kurame sun yi aiki ɗaruruwan shekaru, har sarakunan kansu suna amfani da maganar hannu. Kano tana da makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi tun shekarun 1970.

To da duk wannan gado, makarantun allo da Islamiyyu nawa ne a Adjamé suke da malami ko ɗaya da ya iya maganar hannu? Masallatan Juma'a nawa ne suke da mai fassara huɗuba ga kurame? Yaro kurma zai girma a gidan Musulmi, ya ga ana ruku'u da sujada ya kwaikwaya, amma har ya tsufa babu wanda ya taɓa yi masa bayanin wa yake bauta wa. Wannan nauyi ba na gwamnati ba ne, namu ne.

Abin yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne a duniya suke da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kauce masa. Manyanmu suna tuna annobar sanƙarau ta 1996, wadda a Najeriya kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000, ta bar wasu da yawa ba sa ji. Tun 2010 aka fara ba da sabuwar allurar rigakafin sanƙarau a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta kuma rage nau'in da ya fi yin annoba ƙwarai. Saboda haka a kai yara rigakafi, na sanƙarau da na ƙyanda, musamman masu zuwa gida lokacin zafi. Kunnen yaro idan yana zubar da ruwa a kai shi asibiti, a daina ɗiga masa abin da ba a sani ba.

Idan jariri ba ya firgita da ƙara, ko ya kai shekara biyu bai fara kiran mama da baba ba, a je a auna jinsa. Shekarun farko su ne na kama harshe, kowane iri ne, na baki ko na hannu, idan suka wuce da wuya a rama. A yi masa takardar haihuwa kamar kowa. A je Yopougon a tambayi yadda ake shiga, a nemi ƙungiyar kurame ta ƙasa, ANASOCI, don shawara da neman tafinta. Uwa da uba da 'yan'uwa su ma su koyi hannun, don kada yaro ya zama baƙo a gidan ubansa. Sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa, da suke iya haɗa kuɗin kai gawa gida cikin kwana ɗaya, za su iya ɗaukar nauyin matasa biyu ko uku su koyi maganar hannu don masallaci da Islamiyya da rakiya kotu.

Andrew Foster ya fara ne da aron aji ɗaya bayan an tashi daga makaranta. Azuzuwan Islamiyyunmu ma akwai sa'o'in da suke zama a rufe. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ya ba mu amanarsu, ya kare mana zuri'a, amin.